Hoton Abbanku a Ɗakin Raman

Na san abin da aka gaya muku game da rasuwar Abbanku, don ni ma an gaya min, kuma duk daga bakin mutanen da ba sa wurin. Na daɗe ina haɗiye maganar, ina cewa wata rana za ta mutu da kanta. Ba ta mutu ba, ni ce dai na tsufa, gwiwa ta ƙi, ido ya fara yi min gardama. Don haka Auwal, Sadiya da Mustafa, ga yadda abin ya kasance daga bakin wadda take tsaye a bakin ƙofar. Ba na neman ku yi fushi da kowa, galibin waɗanda za ku yi fushin da su sun riga mu gidan gaskiya. So nake ku daina sunkuyar da kai idan an ambaci sunan ubanku a cikin dangi.

Abbanku ya haura hamsin lokacin da gwamnati ta tuna da shi, ta tura shi ƙaro karatu Maleshiya. Digiri na uku zai yi a kan waƙoƙin bege da na sufaye da kakanninmu suka rubuta da ajami. Na yi masa tsiya iya tsiya, na ce mutum da furfura har a gira zai koma goya jakar makaranta, amma da ranar tafiya ta zo ni ce gaba-gaba da ƙullin daddawa da kuka. Ku muka bar ku saboda karatunku a gidan gado a Gwale, wajen Inna kakarku, a hannun Yaya Bala wan Abbanku. Muka kama gida a wani dogon bene a Taman Melati, unguwar ɗalibai ce a Kuala Lumpur, can sama inda in ka leƙo ƙasa kanka yake juyawa. Gidajen nan kowanne ƙofa biyu gare shi, ta katako daga ciki, ta ƙarfe mai raga daga waje. Saboda zafi mutane kan buɗe ta katakon su kulle ta ragar, iska ta shigo, mai wucewa kuma ya ga tsakar falonka tas.

Ƙofar da take kallon tamu ta wani tsohon Ba'indiye ce mai suna Raman, ɗan addinin Hindu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wata ƙasa, shi kaɗai yake kwana yake tashi. Kusa da shi Anti Lim ce, 'yar Sin mai bin addinin Buddha, gajeriya mai tsiwa, wadda ta ƙare ƙuruciyarta a kan keken ɗinki a unguwar Cheras. Kafin annoba gaisuwa ce kawai take haɗa mu, sai ranar Sallah da Abbanku ya sa babbar riga Raman ya nace sai ya ɗauke shi hoto. Da korona ta zo aka kulle gari, jami'a ta rufe, masallaci ya rufe, jirgin ƙasan da yake wucewa ta bayanmu ya koma tafiya babu kowa a ciki. Abbanku mutum ne da bai iya zaman shiru ba. Bayan la'asar sai ya jawo kujera bakin raga ya kama rera bege, kamar yadda ya saba a zauren gida. Wata rana yana sauke baiti sai muka ji wata tsohuwar murya daga ɗaya ɓangaren ta ɗauka da wani yare, tana rawa tana hawa. Raman ne, shi ma ya jawo tasa kujerar.

Daga nan abin ya zama kullum. Kowa yana bayan ragarsa, baranda a tsakani, ba mai taɓa wani, doka ba ta da abin cewa. Abbanku ya rera nasa ya fassara musu da Turanci, Raman ya rera na waliyyan garinsu ya fassara, Anti Lim ta fito da ɗinkinta tana sauraro tana gyara musu zance. Raman ba ya kiran Abbanku da suna, sai Cikgu, wato malam da yaren Malay. Na tuna ranar da Abbanku ya fassara musu wani baiti na mai bege da barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, masu magani suka duba shi ba su ga ciwo ba. Raman ya buga cinya yana dariya.

"Cikgu, wannan ai mutumin garinmu ne. Namu ma haka yake kuka, har yakan yi wa ubangijinsa faɗa don ya bar shi yana jira a ƙofa."

"Ku biyun nan kullum cikin kuka kuke," in ji Anti Lim, ba ta ko ɗago daga allurarta ba. "Namu cewa suke ka ajiye tulun ka daina girgiza shi, laka za ta kwanta da kanta, ka sha ruwa. Ka ajiye son nan ka huta mana."

"Anti, in na ajiye son, me zai tashe ni da asuba?" in ji Abbanku.

Ni ban taɓa son zaman nan ba, kuma ban ɓoye ba. Ina kicin ina jin su, ina buga murfin tukunya da gangan. Wani abin kishi ne, don mutumin da zai yi min magana biyu a yini yana can yana zuba da tsofaffin maƙwabta kamar an kunna rediyo. Wani abin kuma tsoro ne, don na san mutanenmu. Na ce masa, Malam, ka san in wani namu ya ga wannan zaman ba zai fahimta ba. Ya ce, Rabi, duniya duk tana kulle, wa zai gani? Amma abin da nake so ku riƙe shi ne abin da na ji da kunnena wata yamma, lokacin da daɗin hira ya kwashi Raman ya ce ashe dai dukkansu wuri ɗaya suka nufa. Abbanku bai yi masa kara ba.

"A'a Ankul, ban ce haka ba. Ni Allah ɗaya na sani, ba shi da kama, ba shi da hoto, kuma ina yi maka fatan abin da nake da shi. Ƙishin da nake ji a muryarka ne na gane, don irinsa ne yake damuna."

Raman ya kaɗa kai irin nasu ya ce boleh, wato ya yarda a tafi a haka. Kuma shi ne kullum yake duba agogo in rana ta yi ja, ya ce, Cikgu, lokacin sallarka ya yi, tashi.

A shekara ta biyu ta annobar, lokacin da motocin asibiti suka yawaita a unguwa, zazzaɓi ya kama Abbanku. Ya ce mura ce. Na yi masa farfesu da yaji har hawaye yake, ya ce bai ji ɗanɗanon komai ba, a nan gabana ya faɗi. Da numfashi ya fara yi masa wuya aka turo mota. Da ƙafarsa ya fita, carbi a hannu ɗaya, abin cajin waya a ɗaya, mutane biyu cikin fararen kaya kamar buhu suna biye da shi. Raman da Anti Lim suna tsaye a bayan ragarsu. Ni kuma aka ɗaura min wani abu a wuyan hannu, alamar kada na fita ko nan da bakin bene. Da farko yakan kira ni, muryarsa tana yankewa. Kiran ya riƙa gajarta, sai aka ce an sa masa bututun numfashi, ba ya iya magana. Wata hantsi likita ta kira ta tambaya ko ni ce matarsa, daga yadda ta yi tambayar na gane sauran.

Ban ga gawarsa ba. Ba a yi masa wanka ba, haka dokar lokacin take, taimama aka yi masa a kan abin da aka naɗe shi. Ma'aikatan da aka ware wa gawarwakin Musulmi ne suka sallace shi suka binne shi a maƙabartar Musulmi, wani ɗalibi namu yana tsaye daga nesa ya ɗaga waya, ni ina kallo a falo a kan sallaya. Ku ji da kyau, an sallaci Abbanku, an sa shi a kabari yana fuskantar alƙibla, na gani da idona ko da a waya ne. Na shiga takaba ni kaɗai a gidan da ko mai cewa sannu babu. Anti Lim ce take rataya min abinci a jikin raga. Ta sayi sabuwar tukunya musamman, ta turo min hotonta a waya don na san ba ta taɓa dafa abin da ba ma ci a ciki ba. Ta ce ta daina cin nama saboda shi, kuma kullum tana yi masa karatunsu. Na ce na gode, don ban san me ake cewa ba.

Ni tun ranar rasuwar na rufe ƙofar katako, ba na son ganin kujerar nan, in zan ɗauki abinci hannu kawai nake miƙawa. Shi ya sa ban san abin da Raman ya yi ba. Su a al'adarsu, in wanda suke ƙauna ya mutu, sai su ɗora hotonsa a kan kanta, su rataya masa sarƙar furanni, su ɗiga masa jan abu a goshi, su kunna 'yar fitilar mai a gabansa. Haka ya yi wa matarsa, haka kuma ya yi wa Abbanku da hoton nan na Sallah. Kantar kuwa ita ce wadda gumakansa suke kai, tana kallon ƙofa. Wani ɗalibi mai suna Kabiru, magidanci ne ɗan Zariya mai kirki, ya zo ajiye min shinkafa da mai da ƙungiyar ɗalibanmu ta haɗa. Yana juyowa ya hangi hoton Abbanku, Malam Habibu, da babbar riga da hula, da ja a goshi, a zaune kusa da gunki mai kan giwa, fitila tana ci. Ya ɗauka a waya ya tura zauren hirar ɗalibai na waya yana tambaya ko wannan ya halatta. Kafin rana ta faɗi a Kano hoton ya shiga wayar duk wanda ya taɓa sanin Abbanku. Daga baya Kabiru ya kira ni yana kuka.

"Wallahi Anti, tambaya kawai na yi, ban yi tunanin zai yi spreading haka ba. Na yi deleting amma an riga an yi forwarding."

Na ce masa ya share hawayensa, mai aukuwa ta auku. Daga wajen Yaya Bala na fara ganin hoton, shi ya turo min, babu ko sallama. Na wangale ƙofar katako a karon farko, na gan shi da idona ta cikin raga biyu. Na sa takunkumi na ƙwala wa Raman kira, ya fito da sauri yana gyara zanensa, yana murna na buɗe ƙofa. Na ce masa ya sauke hoton nan yanzu, ya goge abin da ya sa masa a goshi, ya kashe fitilar.

"Madam, na yi laifi ne? Wurin da na fi girmamawa a gidan nan na ajiye shi. Kusa da matata."

"Na sani, Ankul. Amma mu ba a yi mana haka. Shi da kansa ya gaya maka."

Ya tsaya yana kallona, sai na ga ya tuna. Ya koma ya kashe fitilar da yatsunsa, ya cire furannin, ya sa gefen rigarsa yana goge gilashin a hankali, yana hawaye. Ya miƙo min hoton ta ƙasan ƙofa da sandar tsintsiya, ya ce in yafe masa, shi bai san wata hanyar da ake kewar mutum ba. Tun daga ranar ban sake jin ya rera komai ba har na bar ƙasar.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe ba a fara ba. Yaya Bala dama bai taɓa son bege da zikiri ba, sun sha yin sa-in-sa da Abbanku a kai tun suna samari, kuma yana cikin masu cewa karatun waƙa ba karatu ba ne. Ya kira ni, muryarsa a sanyaye, wanda ya fi tsawarsa ban tsoro. Ya ce ya tashi zaman makokin da aka fara, ya sa an naɗe tabarmi an rufe zaure, don ba zai karɓi gaisuwar mutumin da ba a san a kan me ya mutu ba. Na gaya masa duk abin da na gaya muku a nan. Ya ce wannan dogon labari ne, mutanen unguwa ba za su saurare shi ba.

"Abu ɗaya za ki yi, Rabi. Ki yi magana a waya mu tura wa jama'a. Ki ce Habibu bai san mutumin nan ba, bai taɓa zama da shi ba, satar hoton ya yi don ya yi tsafi da shi. Kina faɗa, gobe na buɗe zaure, a yi addu'a, yaran nan su ɗaga kai."

"Yaya, ya san shi. Kullum suna tare. Kuma ba sata ya yi ba."

"To ki zaɓa, ko arnen maƙwabcinki ko mutuncin mijinki."

Na yini da maganar nan a ƙirjina, na kasa ko shan ruwa. Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Ina tuna ku, ku uku a tsakar gida, abokanku suna nuna muku hoto a waya. Magana ce ta minti ɗaya, Raman ba ya jin Hausa, har ya mutu ba zai san na yi ba. Amma ina cikin takabar mutumin da ban taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma ana so in buɗe baki in ce zaman da ya fi faranta masa rai a ƙarshen rayuwarsa bai faru ba, in kuma ɗora wa tsohon da ya yi masa kuka sata da tsafi. Na ga in na faɗi haka, na yarda ke nan cewa akwai abin kunya a abin da Abbanku ya yi, alhali babu. Na tura wa Yaya saƙo na ce zan faɗi gaskiya duk tsawonta ga duk mai son ji, amma waccan maganar ba za ta fito daga bakina ba. Bai amsa ba. Zaure ya ci gaba da zama a rufe, ba a yi sadakar uku ba, ba a yi ta bakwai ba, dangi suka yi min ca a waya, wasu suka ce ni ma an shanye ni. Ku kuka sha kunyar, na sani, kuma har gobe abin yana ci min rai.

Ana cikin haka wata la'asar wayata ta yi ƙara, safiya ke nan a Kano. Lambarki ce, Sadiya, amma muryar Inna na ji. Ke kika kira mata, ta ce ki ajiye wayar ki fita ki ja ƙofa, shi ya sa ba ki san abin da muka ce ba. Inna a lokacin ido ya tafi, ƙafa ta tafi, sai kunne da hankali. Ita ce ta fara koya wa Abbanku bege yana goye a bayanta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Rabi, an ce min akwai hoto, ni ba na gani. Ke nake tambaya. Ɗana ya cika da kalmar shahada?"

Na buɗe baki zan ce eh. Wace suruka ce ba za ta ce eh ba? Tsohuwa ce, kalma ɗaya take nema ta samu barci. Amma ba na wurin, babu wanda yake wurin.

"Inna, ban sani ba. Ba a bar kowa kusa da shi ba, kuma da bututu a bakinsa. Abin da na sani, tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa ganin asuba ta wuce shi ba. Da carbi a hannunsa ya fita daga gidan nan. Mutumin da ya sa hoton kuma abokinsa ne, shi yake tuna masa lokacin magariba. Ƙauna ce ta sa shi, bai san ba a yi ba."

Ina jin numfashinta, ina jin zakara yana cara a tsakar gidan da na san kowane lungunsa.

"Da kin ce min eh, da na san lallashina kike," in ji ta. "Tunda kin iya ce min ba ki sani ba, na yarda da sauran. Allah ya ji ƙan Habibu."

Sadiya, kin tuna da ta kira ki ta ce ki shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakinta, ki ɗora ta a kai, ki ajiye buta da kwanon goro a gefe? Kin taɓa ce min kin ɗauka rikicin tsufa ne. Zaman makoki take. Yaya bai iya hana uwarsa ba, bai kuma buɗe zaure ba, don haka babu wanda ya shigo daga waje. Ta zauna a nan tun safe har yamma, kwana da kwanaki, tana jan carbi tana amsa gaisuwar da ba wanda ya zo yi mata. Kafin na gama takaba a buɗe hanyar jirgi na dawo, an binne ta. A duk garin da aka haifi Abbanku, ita kaɗai ce ta zauna masa.